Motar Baba da San Kaka

Kowane Kirsimeti mukan bar Kafanchan mu tafi ƙauye wurin Kaka, mahaifiyar Baba. Da an gama cin tuwon acca sai mu kewaye murhu, tana juya gwaza a toka. Takan ce, "Tatsuniya ya zo, wa zai ba shi kujera?" Haka Hausarta take. Mu ce, "Mu ne!"

Baba makanikin jirgin ƙasa ne. Yana da wata tsohuwar motar Amurka mai ƙofa biyu, doguwa kamar kwalekwale, ga gurnani, ga shan mai. Wani Bature ne ya bar masa. A shekarar da na cika sha biyu, Baba Ƙarami, ƙanen Baba, ya zo daga Kaduna da wata 'yar mota mai tsayin ƙafa. Ta haye duwatsun hanyarmu tsaf. Tamu kuwa cikinta ya maƙale, sai da samari suka turo mu. Kunya kamar in nutse.

Da yammar nan Kaka ta ɗauko labarin tsohon sa da akuya. Sa ci kawai yake yi da ruri, tafiya da ƙyar. Akuya kuwa tsalle ɗaya ta hau dutse, tana leƙo shi tana dariya. "To, rannan sai ruwa ya cika gari," in ji Kaka.

Ban bari ta kai aya ba. Ni da bakina kamar reza, na ce, "Ai na gane. San nan motar Baba ce, sai ci da ruri."

Kowa ya kwashe da dariya, har Baba Ƙarami. Baba na zaune gefe yana goge fulogi da tsumma. Ya naɗe tsummansa, ya shiga ɗaki.

Na ce, "Kaka, ƙarasa mana."

Ta dube ni. "Ladi, ƙarshen ne ka kora ɗaki." Ba ta sake ba mu labarin nan ba.

Bayan shekara huɗu Kaka ta rasu a asibiti a Kafanchan. A wurinmu ba a binne tsohuwa sai a gidan mijinta, dole a kai ta ƙauye. Aka gwada akwatin a motar Baba Ƙarami, ta baya, ta gefe, ya ƙi shiga. Baba ya ɗauko sifana ya kwance kujerun motarsa, ɗaya ta gaba da kuma ta baya, akwatin ya shige. A duwatsun nan ya lallaɓa ta, tana gurnani, ko sau ɗaya cikinta bai taɓa ƙasa ba. Ina bayansa a motar Baba Ƙarami, ina kuka biyu: na rashin Kaka, da na maganar da na yaɓa wa Baba.

Tun ranar na san ƙarshen labarin Kaka: tsohon sa ne ya ɗauki tsofaffin gari da ruwa ya zo. Na yi ta cewa gobe zan ba Baba haƙuri, kunya tana riƙe mini baki. Yau shekararsa tara a ƙasa, kusa da Kaka, ban faɗa ba.