Sa'adiyya da Ruwan Ganuwa

Sa'adiyya ɗiyar Kalilu ba ta taɓa zama gari ɗaya shekara biyar cur ba sai da ta kai arba'in. An haife ta a lokacin da Gobirawa ke yawo bayan an ci Alƙalawa, yau nan gobe can. Mahaifinta ya tafi yaƙi tana ƙarama bai komo ba, mijinta Usmanu kuma kibiya ta same shi a gonar gero. Da ta ji ana kafa Sabon Birni, sai ta ɗaura kayanta, ta kama hannun ɗiyarta Habi, ta ce wannan karon ba ta sake tashi.

Garin kuwa ba shi da ganuwa tukuna, ga mutanen Sakkwato sun yi sansani a Isa, tafiyar da ba ta kai yini ba. Aka yi shelar gayya. Maza su haƙa ƙasa su kwaɓa su yi tubali, mata su kawo ruwa daga gulbi. Da yake Sa'adiyya doguwa ce mai ƙarfin wuya da kaifin baki, matan unguwarsu suka sa ta gaba.

Kowace safiya, da an sallame asuba, sai su jera da tuluna bisa gammo. Kafin rana ta ɗago sun yi sawu uku, sun jiƙe ƙasar da aka tara. Mazan fa? Sai hantsi ya dubi ludayi za ka ga suna tahowa ɗai-ɗai. In sun iso, sai a zauna gindin kirya a fasa goro, a cusa taba, a shiga gardamar wa ya gudu a wane yaƙi. In an tashi, sai a tarar wane ya mance da magirbinsa a gida, a tsaya jiran ya ɗauko. Abin da ya fi ci wa Sa'adiyya rai shi ne gaisuwa. Duk bafaden da ya gitta, sai mutum hamsin su yar da aiki, su wanke hannu, su durƙusa, su raka shi har ya yi nisa. Kafin su komo, zafin bazara ya shanye ruwan, ƙasa ta koma kamar ba a taɓa jiƙa ta ba. Sai a aiko wa mata cewa ruwa ya kasa.

Wata guda ana haka, ginin gabas bai wuce ƙugun mutum ba.

Ran wata Talata matan suka zo da tulunansu cike, Sa'adiyya ta ce kowa ta sauke ta zauna bisa gammonta, kada a zuba ko ɗigo. Suka zauna har Malami, sarkin magina, ya iso da mutanensa. Ya dubi busasshiyar ƙasa, ya dubi mata.

"Inna Sa'a, lahiya? Mi ya hana a zuba ruwa?"

"Sarkin magina, tun asuba muna nan. Ku ina kuke?"

"Ai ga mu mun taho."

"Kun taho cin goro. Dubi kaina." Ta zame kallabi, ta nuna masa tsakar kanta inda gammo ya cinye gashi. "Wanga duk don in shayar da rana ne? Ba mu ƙara ɗebo ruwa rana ta sha. Ranar da kunka riga mu zowa, ranar muka zubawa."

Ana cikin haka sai ga wani bafade mai suna Alhassan, wanda aka ɗora wa duba aikin. Maza suka zube. Sa'adiyya ba ta motsa ba, matan ma da suka fara sunkuyawa suka dube ta suka miƙe.

"Ke wace ce da ba ki gaisuwa?" in ji Alhassan.

"Ranka shi daɗe, na gaishe ka da baki. Gwiwata ta gaji da hawan gangaren gulbi. Sau huɗu kana wucewa nan a yini, sau huɗu aiki na tsayawa. In mutanen Isa sun zo, gaisuwa za mu tare su da ita?"

"Za ni kai ƙararki fada."

"Kai ta. Ni ma za ni, da tuluna a kai, in faɗa musu gari nawa na bari a baya don ba su da katanga."

Alhassan ya juya ya tafi yana huci, kuma ya kai ƙarar. Aka tsare Sa'adiyya kwana biyu a gidan wata dattijuwar fada. A kwana biyun nan babu macen da ta taɓa tulu, aikin ya tsaya cak. Malami da kansa ya je ya roƙa a sake ta, ya ce shi dai a ba shi ruwa, ya ji maganar.

Da ta fito suka zauna su biyu suka yanke yadda za a yi. Maza su fito tare da mata da asuba, kayan aiki su kwana a bukka ɗaya bakin gini. Mai hannu cikin laka ya gaida kowa daga inda yake. Goro da labarin yaƙi sai rana ta take, a inuwa. Aka raba katangar unguwa-unguwa, don kowa ya ga wa aka bari a baya. Ba duka suka so ba. Wasu sun yi ta yi mata waƙar zambo, wani ma ya fasa mata tulu da gangan. Ta aro wani ta ci gaba.

Kafin ruwan farko ya sauka, ginin gabas ya fi mahayin raƙumi tsawo. Da kaka mahara suka zo ta wannan gefen, suka kore shanun da ke waje, amma ba su shiga gari ba.

Sa'adiyya ta yi shekara goma sha tara a Sabon Birni tana saida daddawa. Da wuyanta ya fara ciwo, Habi da mijinta suka ɗauke ta zuwa garinsu Tsamaye, tana faɗa tana cewa ba ta yarda ba. Can ta rasu da damina, bayan ta sa an fitar da ita bakin gona ta ga yadda gero ya yi.