Zaman Makoki a Bakin Kogin Saône

Da na gama karatu a Paris, aiki ya jefa ni wani ɗan gari arewa da Lyon. Gari dai sunansa gari: titi ɗaya, gada ɗaya, kogin Saône a gaba, tudun gonakin inabi a baya. In ka yi atishawa a bakin gada, sai an ji ka a ƙarshen gari. Mutanensa kuwa tsofaffi ne zalla, samarin duk Lyon ta kwashe su. Na taɓa ce wa innata a waya makabartarsu ta fi kasuwarsu cika, ta ce in kama bakina.

Abin da ya dame ni gaisuwa ce. Ni ɗan Damagaram, mai tambayar lafiyar mutum har ta awakinsa, na yi watanni ba wanda ya ba ni fiye da "bonjour" ɗaya busasshiya. Wallahi kaɗaici ya kusa mayar da ni Paris.

Sai tsohon da muke maƙwabtaka da shi ya rasu. Na ce to, maƙwabci ai maƙwabci ne. Na dafa shinkafa tukunya guda, na zura babbar riga, na ƙwanƙwasa ƙofarsu. Matarsa ta buɗe, ta dubi tukunya, ta dube ni.

"Ni ban aika a kawo komai ba," in ji ta.

Na ce ta'aziyya na zo. Na tuɓe takalmi, na sami kujera na zauna shiru, yadda ake yi a gida. Ita ma ta zauna, ta rungume jakarta gam. Can ta ce, "Monsieur, me kake jira?"

"Ba komai, Madam. Zama ne kawai."

Washegari na koma. Ashe ta buga wa ɗiyarta waya a Lyon, ɗiyar kuma ta turo jandarma, wato ɗan sanda, ya duba ni. Bawan Allah ya tarar da mu muna cin shinkafa, ya yi loma biyu, ya nemi ƙarin yaji, ya kama gabansa.

Ranar uku na ce mata zaman ya ƙare. Ta rako ni bakin ƙofa, ta riƙe murfin tukunyar ta ƙi saki.

"A garinku kowa ake yi wa haka?"

"Kowa, Madam."

"To in tawa ta zo, wa za ka tarar a gidan nan? Gara ka yi mini nawa zaman tun ina da rai."

Ran Lahadi na sake ɗora tukunya.