Mun je Briqueterie neman haƙoran Inna

Mun tashi da asuba daga Bertoua, ni da Inna, a motar farko. Shekara guda ke nan da mai moto ya kayar da ita, haƙoranta huɗu na ƙasa suka zube, ƙashin wurin ma ya zaizaye. Tun daga nan sai kunu da fate. Ƙanwata tana karatu a Yaoundé, kuma Inna ta ji a waya cewa aikinta haɗa abin da ake dasawa a madadin ƙashi da haƙori ne. Shi ke nan ta ɗaura niyya.

Hanya lafiya lau, in ban da manyan motocin katako da ke jan jiki kamar ba sa son isa. A Abong-Mbang masu talla suka rufe tagogi da gasasshiyar ayaba da bobolo, wato dafaffen ƙullin rogo da ake naɗewa a ganye. A Ayos kifi ne, ya fi na bara tsada, ya kuma fi shi ƙanƙanta. Na cire wa Inna ƙaya, ta ci a hankali da gefen baki.

Bayan azahar muka sauka gidan Kawu a Briqueterie, cikin Yaoundé. Unguwar nan hayaƙin soya, wato tsire, ne ke fara yi maka maraba, sannan ƙarar kekunan teloli. Mutum ɗaya zai gaishe ka da Hausa, ya yi ciniki da Fulatanci, ya faɗi farashi da Faransanci. Ƙanwata ta zo da yamma, ta rame, kuma na lura ba ta son haɗa ido da Inna.

Washegari ta kai mu labo ɗinsu, wato ɗakin bincike. Ashe ƙasusuwan shanu take karɓa wurin masu soya na unguwa. Ta dafa, ta ƙona har su yi fari, ta niƙa, ta gauraya da baƙin garin ƙarfe wanda maganaɗisu ke kamawa, ta danne su ƙanana kamar ƙwayar magani, sannan a gasa a tanda. Ta ce duk rigimar a wutar take. In zafi bai kai ba, abin ya marmashe. In ya wuce, ƙananan ramukan da ƙashin mutum zai bi ya kama su toshe, maganaɗisun ma ya yi rauni, alhali da shi ake fatan likita ya riƙa ɗumama wurin daga waje.

Inna ta shekara talatin tana ginin tukwane. Ta ɗauki ɗaya daga cikin gasassun ƙwayoyin, ta ƙwanƙwasa da farce kusa da kunne, ta sake ɗaukar wata ta yi haka.

“Wannan bai ji wuta ba. Wancan kuwa kin ƙona shi.”

Ƙanwata ta duba lambobin zafin wutar da ta rubuta, ta yi dariya, ta ce haka ne.

“To wanne za ki sa min?”

“Inna, babu ko ɗaya. Ko a dabba ba a gwada ba tukuna. Sai an yi shekaru.”

Inna ta ajiye ƙwayar a hankali. “Me ya hana ki faɗa min a waya?”

“Na kasa, Inna.”

Hawaye ya zubo wa ƙanwata. Inna ce ta share mata da bakin mayafi, ta ce ta koma bakin aikinta kada wuta ta wuce.

Kawu ya kai mu wurin wani likitan haƙori ta wajen Elig-Edzoa, aka auna wa Inna haƙora irin na cirewa da mayarwa. Mako guda muka jira, muka zaga kasuwar Mokolo, Inna ta saya wa jikoki takalma.

Mun dawo Bertoua ranar Lahadi da la’asar. Tafiyar ta nuna min cewa mai bincike yakan kashe ƙuruciyarsa a kan abin da nasa ba za su mora ba, kuma faɗa wa uwa haka ya fi aikin kansa wuya. Da maƙwabta suka shigo suna tambaya ko an dasa, Inna ta ce, “Wannan na aro ne. Na ’yata yana kan wuta, jikokinku ne za su sa.”