Mutumin da Ya Ƙi Yanke Taragu

Kowace safiya yakan saɓa guduma, ya bi tsakanin layukan dogo yana duba ƙarafan da ke riƙe tarago da tarago. Ma'aikatan tasha Baba Maihaɗi suke ce masa. A makon nan ya ajiye aiki, ba taro ba jawabi.

Lokacin yaƙi kowane ɓangare garin yake so, don a nan layukan jirgi suka haɗu. Tashar ta yi ta sauya hannu, shi kuwa kullum yana bakin aikinsa.

Ranar da sojojin da ke riƙe da ita suka ga babu sarki sai Allah, suka tashi gudu, jirgi ɗaya ya rage. A gaba taragun makamai, a baya mutanen gari, cunkus har kan rufi. Hafsan sojan ya ce nauyi ya yi yawa, a yanke na bayan.

"Kai Maihaɗi, shiga ka raba su!"

Ya shiga tsakanin taragu, harsashi na fasa gilasan tasha. Aka ji guduma, ƙwam, ƙwam. Ya fito yana share hannu.

"An gama?"

"Ranka ya daɗe, na yi aikina."

Hafsan ya haye gaba. Sai da jirgi ya sha kwanar gada ya waiwaya, ya ga mutanen duk suna biye da shi. Ashe ƙara ɗaurewa Baba ya yi. Hafsan ya ce a tsaya, direba ya ce mai son tsayawa cikin wannan wuta ya zo ya karɓi tuƙi. Ba wanda ya motsa.

Gwaggona na taragon ƙarshe da goyonta. Ta ce ta hango Baba tsaye a tasha shi kaɗai, har hayaƙi ya rufe shi. Waɗanda suka shigo garin suka kulle shi, wai ya taimaki abokan gaba. Da ya fito, matarsa ta ce, "Malam, ba ka ji tsoro ba?"

"Na ji mana. Amma ranar da aka koyar da rabawa ban je ba."

Kai ne ka yi wannan, Baba, namijin duniya. Sojoji sun ci tasha, an kuma ƙwace. Kai jama'ar gari ka fitar da su da ransu, wannan kuwa ba mai ƙwacewa. Mun gode, Allah Ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma, wata rana wani babba zai ce muku nauyi ya yi yawa, a bar na baya. Ku ƙara ɗaurewa.