Sunan da Baba Ba Ya Faɗa

Ranar Asabar ta ƙarshe a watan Agusta, shekarar da na cika goma, muna tsugune a lambun bayan gidanmu na McLeansville, ni da ƙannena Bulus da Hannatu, muna tsinkar kuɓewa da tsofaffin safa a hannu saboda ƙaiƙayi. Baba yana gaba da fartanya, tawul a wuya, yana yi mana abin da ya saba yi duk Asabar, wato jero kakanni. "Nomau ya haifi Arzika, Arzika ya haifi Jatau, Jatau ya haifi Yohanna." Yohannan shi ne Baba. Sai ya goge gumi ya ƙarasa, "Yohanna kuma ya haifi ta fari, sannan Bulus, sannan Hannatu." Na sha jin wannan jeri har na haddace shi, amma sai ranar kunnena ya kama cewa kowa yana da suna a ciki ban da ni. Sunana Rifkatu, kuma ban taɓa jin sa a bakin mahaifina ba.

Baba ya yi karatun Girkanci a makarantar masu wa'azi can gida, kafin ya zo Amurka ya kama aikin loda kujeru da gadaje a wani katafaren sito. Shi Helenanci yake ce masa. Da yake bai samu mumbari a nan ba, mu uku muka zama ikilisiyarsa, lambu kuma ya zama ajinsa. Tsakanin kunyar yakuwa da ta gauta muka koyi cewa genos shi ne dangi gaba ɗaya, patriya gidan uba, geneya kuma tsara, irin tamu da ba ta san zafin rana ba, in ji shi. Idan ya zo kan sperma sai ya ɗauki busasshiyar kuɓewa ya girgiza ta a kunnenmu, ya ce, "Helenawa kalma ɗaya gare su ga irin shuka da 'ya'yan mutum. Sun san abin da suke yi." Daga wannan taska ya ciro abin da yake kirana da shi: prototokos, ɗan fari. Laƙabin ya yi wa Hannatu tsawo, ta gutsure shi ya koma Toko, gidan duka ya ɗauka.

Ba zan ce ƙuruciyata ta yi ɗaci ba. Muna da fili har gaban itatuwa, muna langa a kan ciyawa, muna carafke da duwatsun da muka tsinto a bakin hanya, 'ya'yan maƙwabta suna leƙowa ta shinge har suka koya. Ni ce mai wanke tukunyar tuwo, Bulus mai fitar da shara, Hannatu kuwa aikinta kai ƙara. Bayan coci mukan bi ta hanyar Gate City, lokacin ana ce mata High Point Road, Mama ta shiga wani shagon kayan abincin Afirka ta sayi daddawa da manja da busasshen kifi, ta tsaya hira da matan Nijar har ƙafafunmu su gaji. A motar dawowa daga can ne Bulus, wanda bakinsa ba shi da linzami, ya raɗa mini cewa ai a bayan shagon nan aka tsince ni cikin kwalin doya, shi ya sa Baba bai san sunana ba. Na ranƙwashe shi, amma maganar ta zauna mini a ciki.

Abin ya fashe ne a makaranta. An gayyaci iyaye kowa ya zo ya ba da labarin asalinsa, Baba ya sha babbar riga ya zo, ya yi bayanin kakanni da Turancinsa mai nauyi har malamarmu tana jinjina kai. Sauran iyaye kowa ya rungumi ɗansa, ya kira sunansa, wasu har da sumba a goshi. Da malama ta ce wa Baba ya gabatar da 'yarsa, sai ya nuna gefen da nake ba tare da ya dube ni ba, ya ce wannan ita ce ta farko. Malama ta jira suna, suna bai zo ba. Wani yaro ya ce da ƙarfi ya manta ne, ajin ya kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na gaji taurin kai daga wanda ya haife ni, don haka na shiga yajin aiki. Na yanke cewa duk wanda ya ce Toko da iska yake magana. Baba ya kira daga falo, na ci gaba da wanke-wanke. Ya kira a mota, na zuba wa taga ido. Mama ta ja ni kicin ta ce, "Alkunya ce, yarinya. A gida ba a kiran sunan ɗan fari. Ni na ajiye tawa a filin jirgin Kano, don ba zan iya da skul da asibiti ina ta kwana-kwana ba. Shi kuwa ya zo da tasa har da akwati." Na ce mata nan ba gida ba ne. Abin da nake so in sani ɗaya ne, ina cikin genos ɗin nan da ake ta jero mana ko ba na ciki.

Asabar ta zagayo, Baba ya tura ƙannena cikin gida ya bar ni a lambu. Ya daɗe yana sassabe kafin ya yi magana, kuma da kuɓewa yake yi, ba da ni ba. Ya ce shi ma ɗan fari ne. Mahaifinsa Jatau bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin tuwo a kwano ɗaya da shi ba, bai taɓa yabonsa a gaban mutane ba. Ranar da zai tafi makaranta duk gari ya raka shi tasha, ban da tsohon. Sai da mota ta ɗaga ta wuce gonaki ya hango shi tsaye a bayan wata ɗorawa, ya riga kowa fitowa tun asuba don ya ga wucewarsa inda ba mai ganinsa. "A garinmu," in ji Baba, "kowa ya san wanda ba a kiran sunansa shi ne wanda ake ji da shi. Abin da ya cika zuciya ba ya wucewa ta baki."

Na ce ya faɗa ko sau ɗaya. Na ga leɓensa ya motsa, na ga gumi ya tsattsafo masa, mutumin da yake furta kalmomin Helenawa masu tsawon igiya ya kasa da suna mai gaɓa uku. Sai ya miƙo mini fartanyar ya ce, "Daga yau ke za ki riƙa ja mana jerin. Ɗan fari ne ke riƙe shi. In kin zo wurin, ki faɗa da bakinki." Ya ƙwala wa su Bulus kira suka fito. Na tsaya a gaba na fara daga Nomau, da na iso kan Yohanna na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji na ce ya haifi Rifkatu. Baba ya sunkuya yana cire ciyawar da babu ita, amma na ga murmushinsa ta gefe. Bulus bai sake zancen kwalin doya ba.

Yanzu Baba ya kwanta dama, an sayar da gidan, masu shi na yanzu sun shuka ciyawa inda kuɓewa take. Ina zaune cikin gari kusa da wurin aikina, ina da yara biyu masu amsa mini Hausa da Turanci, kuma sun san genos da patriya tun kafin su iya ɗaure takalmi. Babban ina kiran sunansa safe da yamma, da tsawa da lallashi, ban ga laifin haka ba. Nawa sunan ma yana ko'ina, a ƙofar ofis, a bakin likita, a bakin yaron da ke miƙo mini kofi a Elm Street, wanda bai taɓa faɗarsa daidai ba. Kowa kiransa yake yi ba tare da ko ɗar ba. Wanda yake jin nauyinsa ne babu.