Sati uku ina auna numfashina

A can shekarun baya, lokacin da kuɗin man fetur suka fara yi wa ƙasar nan yawa, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Fagge. Kaya kawai ake sauke mana, wasu ko sunansu ba mu sani ba. A ciki har da wata 'yar na'urar leza mai fitar da jan haske siriri kamar zare.

Na karanta a wata mujalla cewa masana na son tura roka sama da irin wannan hasken, amma sai an fara auna ƙarfin turinsa. Ni kuwa a lokacin gani nake duk Kano babu wanda ya kai ni. Na rataye takardar azurfa ta cikin kwalin sigari da zaren siliki, na kafa rula a bayanta, na haska. Sai ta motsa. Na yi ta aunawa ina rubutawa, na haɗa sakamakon da takardar neman gurbin karatu a waje. Ranar Litinin za a rufe karɓa, kuma da shafin sakamakon nan kaɗai nake taƙama.

Ina da aboki Bayarabe, haifaffen Kwaciri, mahaifinsa maƙerin zinariya ne a Sabon Gari. Ranar Asabar ya kawo mahaifin nasa ya ga abin mamaki. Dattijon ya tsaya daga nesa, hannu a baya, ni kuma ina ta zuba, fuskata dab da rular.

Can ya ce, "Malam, ka auna babu?"

"Babu me, Baba?"

"Kashe fitilar taka, ka sake."

Ya ce su a shago ba a ɗora zinariya sai an duba sikeli ba komai a kansa, sannan a rufe gilashi, mai awo ya riƙe numfashi.

Na kashe, na sunkuya kan rular. Takardar ta motsa daidai yadda ta saba. Ashe sati uku numfashina nake aunawa. Ya sa muka rataye ta cikin babbar kwalba, muka rufe, muka kunna. Ko gezau.

Wallahi na ji kunya, na kuma ji haushinsa. Abokina ya ce, "Tura haka nan mana, wa zai sani?" Baba kuwa kallona kawai ya yi. Na cire shafin, na tura sauran, ban kuma samu gurbin ba.

Duk tsawon koyarwata bayan nan, babu ɗalibin da na bari ya auna wani abu bai fara auna babu ba. Ina kewar zamanin nan da muke ganin komai zai yiwu, kuma gurbin tuni ya daina yi mini ciwo. Abin da bai daina ba shi ne, wata uku na yi ina sauya hanya don kada in bi ta ƙofar shagonsa. Ranar da na huce na je in gaishe shi, tabarmi na tarar a shimfiɗe, ana karɓar gaisuwar rasuwarsa. Ban taɓa ce masa na gode ba.