Kazar Iya Asibi Ta Yi Kwanci a Bazara

A duk Furana babu wanda bai san Iya Asibi da kiwon kaji ba, babu kuma wanda bai san ba ta yarda da kowa ba. Tun tana amarya haka take. Idan ka yabi kazarta sai ta kora ta cikin gida, wai bakinka ba na alheri ba ne. Idan ka wuce ba ka yaba ba, ta ce baƙin ciki ne ya ƙulle maka baki. Bara da cutar kaji ta share mata akurki, duk unguwa babu wanda bai sha harara ba. Guda ɗaya ta tsira, wata wake-wake, jikar jikar kajin da Iya ta zo da su daga gidan uwarta. In wannan ta tafi, iri ya yanke ke nan.

Ita kuwa kazar ba ta tashi kwanci ba sai tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ba ta takuwa da azahar. Ran nan Iya ta leƙa, ta tarar an lulluɓe akurkin da jiƙaƙƙen buhu, gewayensa duk danshi. Ta shinshina buhun, ba ta ji komai ba, wannan ya ƙara tayar mata da hankali. Washegari ta laɓe bayan rumbu, sai ga Wasila, matar ɗanta Yahuza, 'yar Hunkuyi, riƙe da buta tana yayyafi.

"Ke, ruwan mene ne wannan?" in ji Iya.

"Na randa ne, Iya. Na ga tana ta haki, baki buɗe. Haka muke yi a gidanmu in zafi ya yi yawa."

"A gidanku. To, sannu da ƙoƙari."

Ko kaɗan maganar ba ta shige ta ba. Wasila ma tana da kaza a kwance, to me ya kai ta akurkin wani? So take ƙwan su zama baragurbi, nata su ƙyanƙyashe, haka Iya ta yanke. Da safe za ta suna Janfalan, sai ta kwashe kaza da ƙwai ta tura ƙarƙashin gadonta, a ɗakinta mai rufin kwano. Ta ja taga, ta danna kwaɗo, ta ɗaure mabuɗi a bakin zane, ta tafi hankali kwance.

Bayan la'asar ta dawo. Tana buɗe ƙofa zafi ya bugi fuskarta kamar ta buɗe tukunyar tuwo. Kazar na nan kan ƙwanta, fukafukai a baje, wuya ya langaɓe, ba ta motsi. Iya ta zauna dirshan a ƙasa. Baƙin ciki ya cika ta, ga shi yau babu wanda za ta ɗora wa.

Wasila ta shigo a hankali, ta durƙusa, ta taɓa ƙwan.

"Iya, ban cire rai da su ba. Tawa tana kwance, bari in sa mata."

Iya ta daɗe tana kallonta. Duk gidan babu wata kaza mai kwanci sai waccan.

"Miƙo min gawayi," ta ce.

Ta bi ƙwan ɗaya bayan ɗaya tana yi musu zane don kada su gauraya da na Wasila, sannan ta miƙa mata.

"Ki ci gaba da jiƙa buhun. Amma da ruwan randata, kuma ina tsaye."